Dakta Barau Dikko, Likitan Arewa Na Farko

'Yan uwa mata, a wannan biki na cikar ƙungiyarmu shekara, ga tarihin wani mutum da ya kamata mu riƙa ba 'ya'yanmu.

An haifi Barau Dikko a Wusasa, kusa da Zariya, a 1912. Nan ya fara makaranta, ya wuce King's College da ke Legas, daga nan sai Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya karanta likitanci. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likitan asibiti.

Kun san me wannan ke nufi? A lokacin galibin likitoci baƙi ne, ba su jin Hausa, sai da tafinta. To, mace mai ciwon mara ko yoyon fitsari, ta yaya za ta buɗe baki gaban namiji biyu? Sai ta ce jikinta ne ba daɗi, ta yi shiru. Ga shi kuwa likita ba ya gane ciwo sai ya ji bayani: yaushe ya fara, ina yake, me aka sha. Samun ɗan gida mai jin harshenmu, wanda ya san kunyarmu, ba ƙaramin abu ba ne.

Ya yi aikin gwamnati har ya kai manyan muƙamai a ma'aikatar lafiya ta Jihar Arewa. Shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. A 1967 gwamnatin Janar Gowon ta naɗa shi kwamishinan ma'adinai da lantarki na tarayya. Ya rasu a 1977.

Yau akwai asibitin koyarwa mai sunansa a Kaduna. A irin wannan asibiti ɗalibai ke bin malamansu gado-gado, suna koyon awo da gwaji, da kuma yadda ake gaisawa da marar lafiya, a saurare shi, a rufa masa asiri, a yi masa bayanin magani da harshen da yake ji.

Mu a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, likita mace 'yar gida muke nema ido rufe. Ba daga sama za ta faɗo ba, tana cikin yaran da ke riƙe mana talla yau. Idan an raba ribar bana ko an kwashi adashi, don Allah a ware na makarantar 'ya mace tukuna. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka.