Mervyn Hiskett: Baturen Da Ya Rubuta Tarihin Shehu Usmanu

A wannan fitowa na ga ya dace in kawo mana tarihin wani mutum wanda ba Bahaushe ba ne, ba kuma ɗan ƙasar nan ba, amma ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a kan takardun kakanninmu. Sunansa Mervyn Hiskett, mutumin Ingila. An haife shi a 1920, ya mutu a 1994.

Hiskett ya yi karatun Larabci a Landan, sa'an nan ya zo Kano a farkon shekarun 1950 a matsayin malami. Aka sa shi a Makarantar Koyon Larabci ta Kano, wadda aka kafa a 1934 don horar da alƙalai, makarantar da marigayi Shaihu Abubakar Gumi ya yi karatu a cikinta. Ya yi wajen shekara goma a nan, har ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban makarantar. To, a wannan zama ne ya ƙware a Hausa, ya koyi karanta ajami, ya kuma gane cewa akwai dukiya jibge a gafakokin malamai wadda duniya ba ta san da ita ba.

Da fassara ya fara. A 1960 ya fitar da Kitabul Farƙi cikin Turanci, littafin da ake dangantawa ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mai bayyana bambancin mulkin adalci da na zalunci. A 1963 aka buga masa Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi na Gwandu a Ibadan, Larabci da Turanci tare. Bayan ya koma Landan yana koyar da Hausa a makarantar nazarin harsunan Afirka da Gabas da ake kira SOAS, ya yi aiki a kan Waƙar Bagauda, wadda ta jero sarakunan Kano. A 1967 kuma ya juya Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa Turanci, shekara guda bayan an kashe marubucin.

Amma aikin da ya fi fito da sunansa shi ne The Sword of Truth, wato Takobin Gaskiya, wanda ya fito a 1973. Tarihin Shehu ne tun daga haihuwarsa a Maratta a 1754, da zamansa a Degel, da hijira zuwa Gudu da yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, da cin Alƙalawa a 1808, har rasuwarsa a Sakkwato a 1817. Abin lura a nan, bai tsaya ga rahotannin Turawan mulki ba. Ya koma ga abin da Shehu da ƙanensa da 'ya'yansa da almajiransa suka rubuta da hannunsu, har da waƙoƙi. Shi ya sa mai karatu a Amurka ko Ingila ya ga Shehu a matsayin malami mai wa'azi da karantarwa, ba mayaƙi kawai ba.

A 1975 ya fitar da littafi a kan tarihin rubutattun waƙoƙin addini na Hausa. A ciki ya rarraba su: na wa'azi, na madahu, na tauhidi, na fiƙihu, na taurari da hisabi. Ya nuna yadda malamai suka ɗauko ma'aunin waƙar Larabci suka ɗora Hausa a kai, don talaka da mace a cikin gida su san addininsu. Irin waƙoƙin nan ne fa muka tashi muna ji a bakin iyayenmu mata da makafi a bakin kasuwa, ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Daga baya, a 1984, ya rubuta tarihin yaɗuwar Musulunci a Afirka ta Yamma.

Gaskiya ɗaya ce, ba duk abin da ya rubuta za mu haɗiye ba. Idon baƙo daban, na ɗan gida daban. A ƙarshen rayuwarsa ma ya yi rubuce-rubuce a kan Musulmin Ingila da ba su yi wa Musulmi da yawa daɗi ba. Sai mu ɗauki tsaba mu bar ƙaiƙayi. Amma wahalar da ya sha wajen nemo takardu da karanta su baƙi bayan baƙi, wannan kam ba mai ƙwace masa.

Yanzu mu dawo gida. Masarautar Jama'a ta samo asali ne tun zamanin jihadin nan da Hiskett ya rubuta. Jirgin ƙasa ya iso Kafanchan a shekarun 1920, ya kawo fatake da malamai da leburori daga Kano, Katsina, Zariya da Bauci. Wa ya rubuta labarinsu? Wa ya san malamin da ya fara buɗe makarantar allo a unguwarsu? Ni kaina mahaifina ya bar gafaka cike da wasiƙun ajami na abokan cinikinsa, na yi ta cewa gobe zan duba, da na buɗe sai na tarar gara ta riga ni. Wanda gara ta bari a wasu gidajen, wutar rikicin 1987 da ta 2011 ta lashe.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su ɗora wa matasanmu masu ilimi wannan aiki. A bi gida gida a ɗauki hoton tsofaffin takardu da waya, a zauna da dattawan da suka rage a naɗi maganarsu, a nemi masu iya ajami su juya shi zuwa boko tun suna raye. A rubuta har da zaman amana da cinikayyar da iyayenmu suka yi da maƙwabtanmu Fantsuwam da mutanen Kagoro da Bajju, don 'ya'yanmu da nasu su san cewa ba da faɗa aka fara ba. In mutum ya taso daga Landan ya yi wa Shehu wannan hidima, mu ba mu da uzurin da za mu bai wa jikokinmu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da garinmu lafiya, amin.