NANA ASMA'U 'YAR SHEHU: TA RAMA ƘIYAYYA DA ILIMI

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, a filinmu na tarihin magabata mun zaɓo Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan su da rahama.

An haife ta a Degel a shekarar 1793, ita da tagwainta Hassan. Ta tashi a lokacin da sarautar Gobir ta matsa wa jama'ar mahaifinta. Sarki Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, ya kuma hana ɗa ya bar addinin da ya tarar da ubansa a kai. Da Yunfa ya hau gado abin ya ƙara tsanani, har jama'a suka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Asma'u tana da kimanin shekara 11 ta ga yunwa da gudun hijira da mutuwar dangi a shekarun yaƙi, har zuwa faɗuwar Alkalawa a 1808.

Ta haddace Alƙur'ani, ta yi zurfi a fiƙihu da tasawwufi, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Gidado ɗan Laima, wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Wanda ya sha irin wahalar da ta sha, da wuya zuciyarsa ta rabu da ƙullaci. To amma a nan ne darajar wannan baiwar Allah ta bayyana. Yaƙe-yaƙen zamanin, har da na Gawakuke a 1836, sun tara mata masu yawa a ƙasar Sakkwato, zawarawa da kamammu, da yawansu Gobirawa da suka tashi cikin bori. Maimakon ta ɗauke su a matsayin abokan gaba, sai ta ɗauke su ɗalibai. Ta kafa tsarin 'Yan Taru: ta zaɓi dattawan mata masu amana, ta naɗa su jajoji, suna jagorantar matan ƙauyuka zuwa gidanta, suna koma musu da karatu. Ta tsara darussan tauhidi da tsarki da salla da tarihin Annabi cikin waƙoƙi, da harshen da matan suke ji, domin a riƙa rera su ana daka ko kaɗi.

Mu dubi wata hikima tata. Malfa alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori. Asma'u ba ta wulaƙanta wannan alama ba, sai ta ɗora ta a kan jajojinta. Matan da suka saba girmama mai malfa suka ci gaba da girmama ta, amma yanzu karatu take kawo musu. 'Yan Taru kuma sun riƙa jinyar marasa lafiya da taimakon marayu da gyaran gawa.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin Sakkwato.

Ya 'yan'uwa a Magariya da Dungas, ƙasarmu ta Damagaram ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, amma darasin Asma'u namu ne. Muna zaune Hausawa da Fulani da Barebari da Buzaye, akwai 'yan ɗarika da waɗanda ba sa ɗarika, akwai kuma maƙwabta Kiristoci. Ba mu manta da watan Janairun 2015 ba, lokacin da fushin zanen ɓatanci da aka buga a Faransa ya sa aka ƙona majami'u a Zinder da Yamai, alhali masu su ba su da hannu a laifin. Wadda aka kori iyayenta saboda addini ta zauna ta karantar da 'ya'yan waɗanda suka kore su. Mu kuwa wane uzuri za mu gabatar gobe kiyama in muka cuci maƙwabcin da bai yi mana kome ba?

Allah Ya gafarta wa Nana Asma'u, Ya tsarkake zukatanmu daga ƙiyayya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.