William John Little (1810–1894): Likitan da Ya Danganta Sandarewar Gaɓoɓin Yara da Wahalar Haihuwa

An haifi William John Little a birnin Landan a shekarar 1810. Tun yana ƙarami shan inna ya taɓa shi, ƙafarsa ta hagu ta murɗe. Neman maganin wannan lalura ne ya zama tubalin rayuwarsa. Bayan ya karanta likitanci, sai ya tafi Jamus, inda a 1836 likita Louis Stromeyer na Hanover ya yanke masa jijiyar agara, ƙafar ta miƙe. Ya dawo Ingila da wannan dabara, ya kuma kafa asibitin gyaran ƙashi da gaɓoɓi a Landan.

A wannan asibiti ya lura da wasu yara waɗanda gurguntarsu ta bambanta da tasa. Ƙafar da shan inna ya taɓa saki take yi, ta motse. Su kuwa nasu gaɓoɓin sandarewa suke yi: suna tafiya a kan yatsu, gwiwoyi na gogar juna, ba su iya tsayuwa sai da abin dafawa. Da ya bi diddigin haihuwarsu, sai ya tarar yawancinsu bakwaini ne, ko an sha doguwar naƙuda, ko sun jima ba su yi kukan fari ba. A 1861 ya gabatar wa ƙungiyar likitocin haihuwa ta Landan hujjarsa cewa tushen matsalar rauni ne a ƙwaƙwalwa, ba a ƙafa ba. An daɗe ana kiran lalurar da sunansa. Daga baya, a 1897, Sigmund Freud ya nuna cewa sau da yawa raunin kan faru tun jariri yana ciki. Little ya rasu a 1894.

Bambancin da ya fitar abin nazari ne ga masu binciken harshe da magungunan gargajiya. A ƙauyukan noma na Funtuwa da Malumfashi, kamar sauran ƙasar Hausa, kalmar shan inna kan haɗe lalurorin biyu, tare da jingina su ga iska. A 2020 an tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka, amma allurar rigakafinta ba ta hana abin da doguwar naƙuda, shawarar jarirai da sanƙarau ke yi wa ƙwaƙwalwa. Muddin suna ɗaya ya rufe cuta biyu, iyaye ba za su san inda kariya take ba.

Binciken zamani ya ƙara haske kan dafawar da irin waɗannan yara ke yi. Taɓa bango da ɗan yatsa, ko da ba a jingina nauyi ba, yana sanar da ƙwaƙwalwa matsayin jiki, ya rage tangaɗi. Ke nan yaron da ke bin katangar gida da hannu koyon tafiya yake yi, kuma ya cancanci a taimaka masa a kan haka.