Hofzinser, Gwanin Karta

An haifi Johann Hofzinser a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1806. Ma'aikacin gwamnati ne a ma'aikatar kuɗi, amma ya yi suna wajen wasan rufa-ido da karta. Yakan baza katuna a hannu yana hira da 'yan kallo, yatsunsa kuwa na zare waɗanda yake so suna tura su ƙasa. Kafin wasa na gaba komai ya jeru, babu wanda ya lura. Ya rasu a 1875 bai wallafa sirrinsa ba. Ba don Ottokar Fischer ya tattaro dabarun ya buga littafi a 1910 ba, da iliminsa ya bi shi kabari.