ALEKZANDA ALEKIN (1892–1946): ZAKARAN DARAR TURAWA DA GASAR MUNIK TA 1942

Gabatarwa

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya san dara, wadda ake haƙa gurabe 30 a ƙasa, mutum biyu su zauna, wannan da 'yan itace, wancan da tsakuwoyi, kowa yana neman ya jera uku don ya ci na abokin karawarsa. Turawa ma suna da tasu darar wadda suke kira ces, Larabawa kuma su ce shaɗaranji. Asalinta daga Indiya ne, ta bi ta Farisa ta shiga hannun Larabawa, su kuma suka kai ta Andalus, daga nan ta bazu cikin Turai. Ana yin ta ne a kan allo mai gida 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16, cikinsu har da sarki da sarauniya da dawaki biyu, kuma wasa yana ƙarewa idan an rutsa sarkin wani ya rasa mafita. Wanda ya ci yana da maki ɗaya, in kuwa an yi kunnen doki sai a raba musu rabi-rabi. Duk inda muka ce dara a nan gaba, wannan muke nufi.

A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙari mu bi tarihin ɗaya daga cikin manyan gwanayen wannan wasa, watau Alekzanda Alekin, wanda ya riƙe kambin duniya na kusan shekara 17. Za mu fi mai da hankali ga gasar da aka yi a Munik cikin 1942 wadda aka kira gasar zakarun Turai, domin ita da abubuwan da suka kewaye ta su ne suka sa har yau ake gardama a kan mutuncinsa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Alekin a Mosko ta ƙasar Rasha ran 31 ga Oktoba, 1892, a gidan wadata. Mahaifinsa mai gonaki ne da yawa, ya kuma zama ɗan majalisar dokokin Rasha ta zamanin sarauta, mahaifiyarsa kuwa 'yar wani attajiri ce mai masaƙa. A gida ya koyi dara tun yana ƙarami, wansa Alekse yana cikin waɗanda suka fara ɗora shi a hanya. Da farko ta hanyar wasiƙa ya riƙa karawa da mutanen wasu garuruwa, kowa ya rubuta turin da ya yi ya aika wa ɗan'uwansa ta gidan waya. Wannan ya koya masa haƙurin zama a kan matsala ɗaya kwana da kwanaki.

Cikin 1909, yana ɗan shekara 16, ya ci wata gasa ta ƙasar Rasha baki ɗaya da aka shirya a San Fitasbag domin waɗanda ba su kai ga lambar gwaninta ba. A wannan birni ne kuma ya yi karatun shari'a. A 1914 aka tara manyan 'yan wasan duniya a can, sai ga shi ya zo na uku, ba wanda ya wuce shi sai Emanuel Lasker na Jamus, zakaran duniya na lokacin, da Hose Raul Kapablanka na Kyuba.

Yaƙi da Juyin Mulki

A wannan shekara dai yana kan gaba a wata gasa a Manhaim ta ƙasar Jamus sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Aka tsai da wasa, aka tsare shi da sauran 'yan Rasha, sai bayan 'yan makonni aka sake shi. Da ya koma gida ya shiga aikin agajin masu rauni a bakin daga cikin 1916, har shi ma ya kwanta asibiti.

Juyin mulkin 1917 ya raba gidansu da dukiyarsa. A 1919 'yan sandan asirin sabuwar gwamnati suka kama shi a Odesa, ya sha da ƙyar. Duk da haka, a 1920 shi ya ci gasar farko ta zakarun ƙasar a ƙarƙashin mulkin gurguzu. A 1921 ya sami izinin fita tare da matarsa, wata 'yar jarida mutuniyar Suwizalan, kuma tun daga ranar bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba. Ya zauna a Faris, ya zama ɗan ƙasar Faransa cikin 1927. Hukumomin Mosko suka ɗauke shi maƙiyi, har wansa Alekse ya fito fili ya barranta da shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin mutumin da ya rasa gida da dukiya sau ɗaya yakan yi abin da bai dace ba don gudun rasa su sau na biyu.

Kambin Duniya

A wancan zamani kambin duniya tamkar mallakar mai riƙe da shi ne, shi ke gindaya sharuɗɗa ga mai son karawa da shi. Kapablanka, wanda ya karɓe shi daga Lasker a 1921, ya sa sharaɗin sai an tara dala 10,000. Mutane kuwa suna ganin ba a iya cin Kapablanka, don daga 1916 zuwa 1924 ba wanda ya ci shi ko sau ɗaya a gasa. Shi kansa Alekin bai taɓa cin sa ba kafin su haɗu.

Masu sha'awar dara na Ajantina suka tara kuɗin, aka fara karawa a Buyunos Aires cikin Satumba 1927, a kan wanda ya fara cin wasa shida shi ne zakara. Alekin ya ɓata lokaci mai tsawo yana nazarin wasannin abokin karawarsa ɗaya bayan ɗaya, har ya gano cewa saurin fahimtar da Kapablanka ke tinƙaho da shi yakan sa shi sakaci idan wasa ya yi tsawo. Sai ya ajiye irin nasa salon na kai farmaki, ya bi shi da haƙuri. Aka yi wasa 34 cikin fiye da wata biyu: Alekin ya ci 6, Kapablanka ya ci 3, aka yi kunnen doki 25. Ranar 29 ga Nuwamba kambi ya koma hannun Alekin.

Abin da ya biyo baya bai ƙara masa daraja ba. Kapablanka ya nemi a sake karawa, Alekin ya mayar masa da sharaɗinsa na dala 10,000, kuma da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929 kuɗin suka gagara. Maimakon haka sai ya kara da Efim Bogoljubow sau biyu, a 1929 da 1934, ya kuma ci shi duka. Har Kapablanka ya mutu a 1942 ba su sake haɗuwa kan kambi ba.

Amma ta fuskar gwaninta waɗannan su ne shekarunsa na ganiya. A San Remo cikin 1930 ya sami maki 14 daga wasa 15, ba a ci shi ko ɗaya ba. A Bled cikin 1931 ya ba na biyu ratar maki biyar da rabi. A Shikago cikin 1933 ya kara da mutum 32 a lokaci guda ba tare da ya dubi allo ko ɗaya ba, duk a ka yake riƙe da su. Har ila yau akwai wata hanyar buɗe wasa da ake kira da sunansa, kuma littattafan da ya rubuta yana sharhin wasanninsa har yanzu masu koyo na karanta su.

A 1935 ya amince ya kara da Maks Euwe, wani malamin lissafi mutumin Holan. Raini da shan giya suka haɗu suka kayar da shi, Euwe ya ci da maki 15½, shi kuwa yana da 14½. Sai Alekin ya bar giya, ya gyara jikinsa, ya dawo a 1937 ya karɓi abinsa da ci 10, faɗuwa 4, kunnen doki 11. Shi ne na farko da ya taɓa rasa wannan kambi ya sake ƙwato shi.

Gasar Munik ta 1942

Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi a Buyunos Aires yana shugabantar 'yan wasan Faransa a gasar ƙasashe ta 1939, kuma a can ya ƙi yarda ƙungiyarsa ta zauna da ta Jamus. Da yawa daga cikin 'yan wasan Turai sun yi zamansu a Ajantina, shi kuwa ya koma Faransa ya shiga soja a matsayin tafinta. Da Faransa ta faɗi a 1940, sai ya tsinci kansa a hannun mutanen Hitila, ga matarsa ta lokacin, Grace Wishaar, haifaffiyar Amurka, tana da babban gida kusa da Dieppe wanda Jamusawa suka mamaye.

A watan Maris 1941 wata jaridar Jamusawa da ake bugawa a Faris, mai suna Pariser Zeitung, ta fito da jerin maƙalu ɗauke da sunansa. Abin da ke cikinsu shi ne wai Yahudawa ba su da ƙarfin halin kai farmaki a dara, sai noƙewa da neman kuɗi, wai kuma sun ɓata wasan. Cikin waɗanda aka ci wa mutunci har da Lasker, wanda ya mutu yana gudun hijira a Niyok wata biyu kafin nan.

Daga nan Alekin ya shiga gasannin da aka riƙa shiryawa a ƙasashen da ke ƙarƙashin 'yan Nazi. Ɗaya daga cikin manyansu ita ce ta Munik cikin Satumba 1942, wadda wata sabuwar ƙungiyar dara ta Turai da Jamusawa suka kafa ta shirya, ta kuma ba ta sunan gasar zakarun Turai. 'Yan wasa 12 suka shiga, kowa ya kara da kowa sau ɗaya. Alekin ya zo na ɗaya da maki 8½ daga 11, Paul Keres na Estoniya ya bi shi da 7½, sa'an nan Foltys da Bogoljubow da Richter kowa da 7.

To, amma wace Turai ce aka tara a Munik? Babu ɗan Ingila, babu ɗan Tarayyar Sobiyat, watau babu Botvinnik ke nan. Euwe bai je ba. Babu Bayahude ko ɗaya, alhali kuwa kafin yaƙi kaso mai yawa na gwanayen nahiyar Yahudawa ne. Dawid Przepiórka na Folan an riga an harbe shi tun 1940. Najdorf yana Ajantina, iyalinsa da ya bari a Folan kuwa ba wanda ya tsira. Salo Landau, wanda ya zama mataimakin Alekin a karawarsa da Euwe a 1935, ya mutu a sansanin 'yan Nazi cikin 1944. Saboda haka hukumar dara ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a Faris tun 1924, ba ta lissafa wannan gasa cikin nata ba. Gasar zakarun Turai ta ɗaiɗaikun 'yan wasa da ake yi yanzu kowace shekara a 2000 aka fara ta, a Saint-Vincent ta ƙasar Italiya.

Ƙarshen Rayuwarsa

A ƙarshen 1943 Alekin ya tafi Sifen bai koma ba, daga baya ya wuce Fotugal. Lafiya ta yi ƙaranci, kuɗi suka ƙare, ya riƙa ci da ƙananan gasanni da koyarwa. Da yaƙi ya ƙare aka gayyace shi gasar Landan ta 1946, amma da 'yan wasan Amurka da wasu suka nuna rashin yarda sai aka janye gayyatar. Shi dai ya musanta maƙalun, ya ce an sauya abin da ya rubuta, kuma ya yi wasa a Jamus ne don ya kare matarsa ya kuma sami abin sa wa a baka. Sai dai a wata hira da jaridun Madrid suka yi da shi cikin 1941 ya yi maganar maƙalun a matsayin nasa, kuma yawancin masu bincike sun tafi a kan shi ya rubuta su.

Ana cikin haka sai Botvinnik ya aiko masa da takardar neman karawa kan kambi, hukumar dara ta Ingila ta ɗauki nauyin shiryawa. Ana cikin shirye-shiryen ne aka same shi ya mutu a ɗakinsa na otal a Estoril da safiyar 24 ga Maris, 1946, yana zaune a kujera, allon dara a gefensa. Shekarunsa 53. Likitocin da suka duba gawar sun ce nama ne ya shaƙe shi, wasu kuma suka ce zuciya ce. Shi kaɗai ne zakaran duniya da ya mutu da kambi a hannu. Wannan ya ba FIDE damar karɓe ragamar kambin, ta shirya gasa a 1948 wadda Botvinnik ya ci, daga nan kambi ya daina zama mallakar mutum ɗaya. A 1956 aka mai da ƙasusuwan Alekin maƙabartar Montparnasse a Faris, a shekarar kuma Mosko ta shirya babbar gasa don tunawa da shi.

Kammalawa

Mun ga yadda Alekin ya tashi cikin wadata, juyin mulki ya raba shi da ita, ya gina sabuwar rayuwa da basirarsa kaɗai har ya kai ƙololuwa. Mun kuma ga yadda ya ba da aron sunansa ga azzalumai a lokacin da ake kashe abokan sana'arsa. A ganinmu uzurin tsoro da yunwa zai iya rufe zamansa a kan allo a Munik, domin Keres da wasu ma sun zauna, kuma wanda bai taɓa kwana ƙarƙashin mamaya ba bai kamata ya yi saurin yanke hukunci ba. Amma wannan uzuri bai kai ga maƙalun ba, domin wanda ya ƙi zama da 'yan wasan Jamus a 1939 ya san abin da yake yi a 1941. Hausawa na cewa mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Wasannin Alekin suna nan ana koyo da su, maƙalun ma suna nan, kuma wajibi ne mai rubuta tarihinsa ya kawo duka biyun.