Mari Kuri, matar da ta leƙa cikin ƙwayar zarra

An haifi Mari a birnin Barsobi na ƙasar Poloni a shekarar 1867. Mahaifinta malamin lissafi da kimiyya ne. Tana da shekara goma mahaifiyarta ta rasu.

Mari yarinya ce mai ƙwazo, amma a wancan zamani jami'ar garinsu ba ta karɓar ɗiya mata. Sai ita da yayarta Buroniya suka ƙulla shawara. Mari ta kama aikin koyar da ƴaƴan masu hali, tana aika wa yayarta kuɗin karatun likita a Pari. Da yayar ta ƙare, sai ita ma ta taimaki ƙanwarta. A 1891 Mari ta shiga jami'ar Sorbon. Tana kwana a ɗan ƙaramin ɗaki mai sanyi, wani lokaci burodi da shayi ne kaɗai abincinta. Duk da haka ita ta zo ta ɗaya a jarrabawa. A 1895 ta auri wani masani, Piyar Kuri.

Duk abin da ke duniya, dutse, ruwa ko iska, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Su ake kira ƙwayoyin zarra. Masana da yawa sun ɗauka babu kome a cikinsu, ba kuma a iya fasa su. A 1896 Anri Bekerel ya gano cewa uraniyom, irin wanda aka fara haƙowa a Arlit a 1971, yana fitar da wani haske marar ganuwa. Mari ta yi ta auna wannan haske. Ko uraniyom ɗin jiƙaƙƙe ne, ko busasshe, ko an daka shi, ƙarfin hasken bai canza ba. Sai an ƙara yawan uraniyom yake ƙaruwa. Daga nan ta gane cewa daga cikin ƙwayar zarra kanta yake fitowa. Ashe akwai wani abu a ciki!

A 1898 ita da mijinta suka gano poloniyom da radiyom. Shekara huɗu tana dafa tulin duwatsu a wata tsohuwar rumfa, tana motsawa da sandar ƙarfe, kafin ta tace radiyom da bai kai giram ɗaya ba. Masanan da suka biyo baya sun nuna cewa ƙwayar zarra tana da cibiya mai ɗauke da furoton da nutoron, elektoron kuma suna kewaye da ita.

Mari ce mace ta farko da ta samu lambar yabo ta Nobel, a 1903. Keken doki ya take Piyar a 1906, ta ci gaba da aikin, ta sake samun lambar a 1911.

Hasken radiyom yana kashe ƙwayoyin ciwon daji, amma yana lahanta lafiyayyen jiki. Mari ta daɗe tana aiki da shi ba tare da kariya ba. Ciwon jini ya kama ta, ta rasu a 1934. Littattafan da take rubutu a ciki har yanzu suna fitar da hasken, shi ya sa ake ajiye su cikin akwatunan dalma.

Tambayoyi
1. Me ya hana Mari shiga jami'a a garinsu?
2. Yaya ta gane inda hasken uraniyom yake fitowa?
3. Mene ne amfanin radiyom, mene ne haɗarinsa?