MARIE TAGLIONI: YARINYAR DA AKA RAINA TA ZAMA SARAUNIYAR RAWA

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, kowace al'umma da irin rawarta. Mu a ƙasar Hausa muna da koroso da takai. Turawa kuwa suna da wata rawa da ake kira bale, wadda ake ba da labari da ita ta hanyar motsa jiki da kiɗa, ba tare da furta ko kalma ɗaya ba. Wannan tarihin wata mace ce da ta shahara a wannan fage.

An haifi Marie Taglioni a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ran 23 ga Afrilu, 1804. Mahaifiyarta, Sophie Karsten, 'yar Suwidin ce, mahaifinta kuma, Filippo Taglioni, mutumin Italiya ne, gwanin tsara rawa.

Tana ƙarama aka sa ta koyon rawa a Faris, amma ba a ga alamar za ta yi abin kirki ba, domin bayanta a ɗan ranƙwafe yake, hannuwanta kuma dogaye ne. Da mahaifinta ya ga haka, sai ya ɗauke ta zuwa Biyana ya shiga horar da ita da kansa, awa shida kullum har wata shida. Ya tsara mata salon da ya dace da ƙirar jikinta, har abin da ake gani aibi ya koma ado. Ta fara fitowa gaban jama'a a 1822.

A 1832 mahaifin ya shirya mata wasan La Sylphide a Faris, inda ta fito a matsayin aljana. Ta riƙa rawa a kan 'yan yatsun ƙafa kamar ba ta taɓa ƙasa. Kafin ita, burga ake yi da wannan dabara. Ita ce ta mayar da ita hanyar isar da ma'ana. Daga 1837 ta yi shekara biyar tana wasa a ƙasar Rasha, a 1845 kuma ta yi rawa a Landan a gaban Sarauniya Biktoriya. Ta bar fage a 1847.

Ba ta riƙe iliminta ita kaɗai ba. A 1860 ta tsara wasan Le Papillon, wato malam-buɗe-littafi, domin ɗalibarta Emma Livry. Abin tausayi, a 1862 rigar yarinyar ta kama wuta daga fitilar dandali, ta rasu a 1863 saboda ƙunar.

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Dukiyar Marie ta salwanta, amma ba ta zauna tana kukan zuci ba. Da tsufanta ta koma Landan tana koya wa yara rawa da natsuwar tafiya, tana ci da guminta. Ta rasu a Marseille ta Faransa ran 22 ga Afrilu, 1884, saura kwana ɗaya ta cika shekara 80.

To, 'yan'uwa, a ajujuwanmu nan Mazanya akwai wanda aka riga aka yanke masa hukuncin ba zai iya ba. Kada ya karaya, kada kuma malamai su yi saurin sallama shi. Kuɗin Marie sun ƙare, tafin 'yan kallo ya wuce, amma abin da ta koya da wahala shi ya ciyar da ita da tsufanta.